Bindigar da Sumani Ya Haɗa

Wani ɗan mitsitsin sifirin, irin murɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle, ne ya fara tona asirin Sumani. Rafi'atu ta taka shi da tafin ƙafa a kicin, da safe, tana shirin dama koko. Ta ɗauka ta jujjuya, ta ga bai yi kama da na biro ba, bai kuma yi kama da wani abu na murhu ba, sai ta ajiye shi a bakin taga ta ci gaba da harkarta. Da yamma ta tarar da mijin nata a durƙushe, ƙato guda da furfura a gemu, yana haska ƙarƙashin firji da fitilar waya yana jan tsaki. Wannan fa mutum ne da ko cokali ya faɗi sai ya kira ta daga ɗaki ta zo ta ɗauka.

"Wannan kake nema?" ta tambaye shi.

Ya miƙe ya karɓe da sauri, ya hure shi, ya jefa a aljihun gaban riga. "Na mota ne," ya ce. Rafi'atu ba ta san kan mota ba, amma ta san kan Sumani, kuma ba ta taɓa ganin motar ta sa shi durƙuso ba.

Sumani direban tirela ne. Yakan bar unguwarsu Morris Heights da ke Bronx a Amurka ya nufi Ohio ko Tennessee, ya yi makonni, ya dawo da jakar kayan datti da ciwon baya. A wannan yawon ne ya yi aboki, wani direba ɗan Pennsylvania mai fili a bayan gida, inda yake jera gwangwanaye yana harbi ranar Lahadi. Sau ɗaya ya miƙa wa Sumani bindiga ya ce ya gwada. Gwangwani ya yi sama, hankalin Sumani ya bi shi. Maza in sun doshi hamsin kowa da irin zazzaɓin da ke kama shi. Wani rigimar kwamitin masallaci zai shiga, wani ya fara rina gemu. Shi namu cewa ya yi sai ya haɗa bindiga da hannunsa, ba ma irin ta maharban ƙauye ba, irin ta zamani mai ɗana kanta bayan kowane harbi. Ya riƙa sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya a kan hanya, yana shigowa da su gida cikin wata jaka da ya hana matarsa taɓawa.

Ranar da ta gani da idonta, ta dawo ne da wuri daga Parkchester, inda take kula da wata tsohuwa, saboda 'yar tsohuwar ta zo. Tana buɗe ƙofa ta ji warin wani irin mai. Sumani na zaune a teburin kicin, ya shimfiɗa tawul ɗinta mai kyau, ya jera ƙarafa baƙaƙe a kai, manya da ƙanana, kowanne a wurinsa kamar kayan mai tallan agogo. Ya jingine waya da gwangwanin madara, wani Bature na magana a ciki yana nuna hannu. Ya sa gilashin karatu, harshensa a waje don tsabar natsuwa. Rabon da ta ga fuskarsa da irin wannan farin ciki har ta manta, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai.

"Baban Shamima, mene ne wannan?"

"Hobby ne," ya ce, bai ɗago ba.

"Ban tambaye ka sunan da ka raɗa masa ba. Na ce mene ne."

"Rifle ne. Ban gama ba. In na gama zan kai Pennsylvania, a can zai zauna."

"Bindiga. A Bronx. A kan teburin da nake yanka albasa."

"Ko harsashi ɗaya babu a gidan nan. Ƙarfe ne kawai."

"Sai ka gaya wa police ƙarfe ne kawai. Super mai kula da ginin yana da makullin gidan nan. Mai feshin kyankyasai yana shigowa kowane wata, har ƙarƙashin gado yake leƙawa. Ba ka da tunani koraa, ko kaɗan."

Ba tsoron ƙarfen take yi ba. Ko baƙon da ya sauka jiya ya san a wannan birni bindigar harbin tsuntsu ma sai da izini, irin wannan kuwa ba a ma ba da izininta. Abin da ke gabanta shi ne Shamima, 'yarsu tilo, wadda suka bari wurin kakarta a unguwar Aboabo a Kumasi tun tana ƙarama, da alkawarin shekara biyu za a zo a ɗauke ta. Yarinya ta kai shekara goma sha tara da haihuwa tana jiran shekara biyun nan. Sumani ne mai katin zama, takardun Rafi'atu a kan nasa suke rataye, haka ma na Shamima. An gama komai, saura a kira ta ofishin jakadanci a Accra. Lauya ya gaya musu ƙiri-ƙiri, ranar da aka kama mai katin zama da laifin bindiga, katin ya tafi, duk wanda ke rataye a jikinsa ya faɗo. Sumani na zaune a wurin aka faɗa, har da gyaɗa kai.

Ta tuna masa. Ya cire gilashin ya ajiye.

"Tun da na zo ƙasan nan kayan mutane nake ja," ya ce. "Firjin wani, takalman wani, abincin karen wani. Ban taɓa yin abu da hannuna na ce wannan nawa ne ba. Yau na samu guda ɗaya, ke kuma kin tsaya a kaina."

"Kana da abu naka. Yana Aboabo, yana ɗinka wa mutane riga yana jiran ubansa."

"Kar ki sa Shamima a cikin maganan nan."

"Kai ka sa ta, tun ranan da ka shigo da ƙarfe na farko."

Daga ranar gidan ya zama gidan gaba. Ta daina zuba masa tuwo a kwanonsa, sai ta bar tukunya a kan murhu, in ya ga dama ya ɗiba. Shi kuma ya daina ɓoyo, tunda asiri ya riga ya tonu. Duk hutun da ya samu yana kan tebur, yana fama da wasu 'yan ƙusoshi da ke tsalle su ɓace, yana zagin yatsunsa da suka yi kauri. Wani sashe ya ƙi zama, ya kwance, ya sake ɗaurawa, ya sake kwancewa. Wani sashen kuma ya sayo shi ba daidai ba, sai da ya jira tafiya ta gaba ya canjo. Mutumin da ƙofar kabad ɗin kicin ta shekara tana lilo bai ɗaure ta ba, yau shi ne mai haƙurin aikin hannu. Rafi'atu na wucewa ta bayansa ta ɗauki gishiri, ta wuce ta mayar, ba ta ce masa ko sannu.

Shamima kuwa tana kira kowace Asabar, muryarta cike da shiri. Ta fara rabar da tsofaffin kayanta. Ta ce za ta sayar da keken ɗinkinta, wanda kakarta ta saya mata, don an ce a Amurka na lantarki ake amfani da shi. Rafi'atu na amsa mata da fara'a, idonta na kan bayan Sumani.

Wata Lahadi da hantsi ya gama. Ya kira ta da sunan da ya daɗe bai kira ba. "Rafi'a, zo ki gani." Ta zo, don ba ta so ya ce tsoro ne ya hana ta. Abin na kwance a kan tawul, baƙi wuluk, ya haɗu tsaf, babu inda ya karkace. Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Ya ɗauki bindigar ya ja wani abu a jikinta ya sake, ta yi wata ƙara ƙas, ya dubi Rafi'atu yana jiran yabo kamar yaron da ya haddace izifi.

"Ka gama?" ta ce.

"Na gama."

"To ka ji. In abin nan ya ƙara kwana biyu a gidan nan, ba police zan kira ba. Wurin liman zan je ranan Juma'a, a gaban dattawan Kumasi duka, in ce su zo su ga abin da Sumani ya ajiye wa 'yarsa."

Ta san inda ke masa ciwo. Sumani zai iya daure wa alƙali, amma ba zai iya daure wa a yi maganarsa a bakin masallaci bayan an sallame ba. Fuskarsa ta murtuke. Ya ce ai dama gobe zai tashi, ta Pennsylvania zai bi, zai sauke bindigar wurin abokinsa, sai ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Washegari da ta dawo daga aiki ba shi, ba jakarsa. Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba saman kabad, ta duba bayan kujera, har cikin tanda ta leƙa. Babu. Ta yi alwala ta yi raka'a biyu na godiya, amma fushin bai sauka ba.

A falon nasu akwai wata kusurwa da ba ta masu gidan ba ce, kamar yadda take a kusan kowane gidan 'yan Ghana a unguwar. Nan ake tara kayan gida. Shuɗiyar gangar roba na tsaye, ana cika ta a hankali da shinkafa, man girki, sabulu, madarar gwangwani, takalman da aka samu da rahusa a shagunan Fordham. A gefenta kwalaye, da wani babban kafet a naɗe cikin leda, wanda Rafi'atu ta saya don ɗakin mahaifiyarta, saboda sanyin siminti na damun ƙafafun tsohuwar. Kayan sun fi rabin shekara suna jiran a tashi aikawa, kuma Sumani ya sha cewa sai bayan sallah.

Kwana kaɗan da tafiyarsa sai ga kiran Alhaji Alhassan, mai aika kaya gida. Shi ke zagayawa da motarsa yana kwasar gangunan mutane, ya cika kwantena, ta bi jirgin ruwa zuwa tashar Tema a Ghana, yaransa na can su raba gida-gida. Ya ce akwai sauran wuri a kwantenar da za a rufe cikin makon, in ta shirya ya zo. Rafi'atu ta ce ta shirya. Ta ga gara kayan su isa tun Shamima na can, ta karɓa ta shimfiɗa wa kakarta kafet da hannunta kafin ta taso.

Ta ɗauko baƙar maka, alƙalamin nan mai kauri, ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana rubutu da manyan baƙaƙe, kamar yadda aka saba: sunan mai karɓa, unguwa, lambar waya. Tsohuwa ba ta karatu, ba ta fita, don haka komai da sunan Shamima ake aikawa. Da ta zo kan kafet ta ga an ƙara naɗe shi da sabon salatif, an ɗaure bakinsa biyu tamau. Ta taɓe baki. Ashe dai hannun nasa na iya yin abin amfani in ya ga dama. Ta rubuta Shamima Sumani, Aboabo, a jikin ledar, ta ja layi a ƙarƙashi.

Alhaji Alhassan ya zo da azahar, ya sha ruwa, ya tambayi maigida. Ya ɗaga kafet ya ce, "Wannan mai kyau ne paa, ji nauyi." Bai buɗe komai ba. Ba ya buɗewa. A sana'arsa wanda ya buɗe gangar ɗan garinsu ya zage shi ne, kamar ya ce masa ɓarawo ko mai fataucin ƙwaya, kuma labari zai kai Kumasi kafin jirgin ya kai. Tambaya ɗaya yake yi, ita ma don cika al'ada. "Kayan amfanin gida ne duka?" Ta ce duka. Ya ce Allah ya kai lafiya.

Sumani ya kira daga hanya sau da yawa. Wani lokaci ta ɗauka ta ce lafiya lau ta kashe, wani lokaci ta bar wayar ta gaji don kanta. Ta yi tunanin gaya masa an kwashi kaya, sai ta ce a ranta, ko sabulu ɗaya bai jefa a gangar nan ba, kuɗinsa duk sun tafi ga ƙarfe, me zai ji? Shi ma da ya ga haka ya daina kira. Tafiyar ta yi tsawo, daga wannan kaya a ba shi wancan, sai da ya kusa wata guda.

Ya dawo wata Alhamis da la'asar. Tana jin makulli ta ci gaba da tsinke ganyen ayoyo na miya, ba ta tashi ba. Ta ji ya ajiye jaka. Daga nan ba ta ƙara jin motsi ba, har shirun ya dame ta ta leƙo. Yana tsaye a tsakiyar falo yana kallon kusurwar, inda babu komai sai zagayen da gindin ganga ya bari a ƙasa.

"Ina kayan?" ya ce.

"Sun tafi."

"Ina kafet ɗin?"

"Na ce sun tafi. Alhaji Alhassan ya kwasa. Jirgi ya tashi tun makon jiya."

Ya zauna a hannun kujera. Rafi'atu ta ga yadda yake kallon hannuwansa, sai ta tuna sabon salatif. Ganyen ayoyon ya zube daga hannunta.

"Ka ce Pennsylvania."

"Abokin nawa ya yi tafiya. Company kuma suna duba mota, in suka gani aikina ya tafi. Na ce in ɓoye ta cikin kafet kafin in dawo. Mun ce sai bayan sallah za a aika, Rafi'a. Ke kika ce..."

"Sunan wa ke jikin kafet?" ta katse shi.

Ya sunkuyar da kai.

"Na tambaye ka. Sunan wa muke rubutawa a kaya?"

Sai ya miƙe da faɗa, don namiji in ya rasa gaskiya murya yake nema. Wa ya ce ta aika kaya ba ta gaya masa ba? Wace irin mace ce za ta kwashe kayan gida miji na hanya? Da ta ɗauki waya kamar matar kirki, da duk haka ba ta faru ba. Ta tsaya ta bar shi ya gama. Ta tsane shi a lokacin, tsana ta gaske, har tana jin ɗacinta a harshe. Abin da ya fi mata ciwo kuma shi ne akwai ƙwayar gaskiya a maganarsa, kuma rubutun da ke jikin ledar nata ne.

Ta ɗauki waya ta kira Alhaji Alhassan, ta ce ya zo yanzu, magana ce da ba ta waya ba.

Ya zo kafin magariba. Da ya ji, bai zauna ba. Ta kawo ruwa, ya dubi kofin ya kau da kai. Sumani ya fara lallami, ko yaran Alhaji na Tema za su iya zare kafet ɗin a ɓoye, ko a san wanda za a gani.

"Kwantena a rufe yake da hatimi, ba mai taɓa shi sai kwastan," in ji Alhaji Alhassan. "Kuma yanzu scan suke yi. Za su gani. In sun gani, ba ni za su fara nema ba, ba kai ba. Sunan da ke jiki za su bi, da lamban waya. Bindigan yaƙi, Malam Sumani, da sunan yarinya mai jiran visa." Ya juya ga Rafi'atu. "Na tambaye ki, kin ce kayan gida ne."

"Abin da na sani na faɗa, Alhaji."

"Tun da na fara aikin nan ban taɓa buɗe kayan ɗan'uwa ba. Kayan gidaje nawa ke cikin kwantenan nan, duk za a riƙe su saboda wasan yaran wani." Ya gyara hularsa. "Gobe da safe zan je wurin lauyana, mu kai rahoto kafin jirgi ya isa. In mai abu ya biyo ni ya ce nasa ne, shi ya sa, yarinya ba ta sani ba, to. In bai biyo ni ba, ni abin da ke rubuce zan faɗa."

Ya fita bai yi sallama ba.

Suka rage su biyu. Sumani ya ce, a hankali yanzu, wataƙila ba za su gani ba. Kwantena nawa ke shiga Tema a rana? A roƙi Alhaji ya yi shiru, a bar wa Allah. In ya je ya amsa, katinsa ya tafi, kuma ta san abin da zai bi katin.

"Na sani," ta ce.

"To ki yi tunani. In na yi magana, Shamima ba za ta zo ba."

"In ba ka yi ba, police za su je Aboabo su ɗauke ta a gaban kakanta." Ta ɗauko rigarsa mai kyau daga kabad, wadda yake sawa ranar Juma'a, ta jefa masa a cinya. "Ka goge da kanka, tunda hannunka ya iya aiki. Ka ce ba ka taɓa yin abu ka ce naka ne ba. Gobe sai ka je ka faɗa."

Ya bi Alhaji Alhassan da safe. Ba ta raka shi ba, ba ta yi masa addu'a a bakin ƙofa ba. Ta tsaya a taga ta ga ya gangara wajen tashar jirgin ƙasa, kafaɗunsa sun rusuna, sai ta saki labule. La'asar ta yi bai dawo ba. Alhaji ne ya kira ya ce an riƙe Sumani, lauya na ciki, an dai wanke sunan yarinya. Ta ce ta gode.

Ranar Asabar wayar ta yi ƙara a lokacin da ta saba. Shamima ce, da hayaniyar Aboabo a bayanta, tana ba da labarin yadda kaka ta sa aka share ɗaki tun yanzu saboda kafet, tana tambaya ko jirgin ya kusa, ko Baba ya dawo. Rafi'atu na zaune a teburin kicin tana sauraro. Tawul ɗin nan nata mai kyau na rataye a jikin kujera, da tabon mai da ya ƙi fita.

"Shamima," ta katse ta. "Keken ɗinkin nan, kin sayar?"

"Gobe mai saye zai zo, Mma. Mun gama ciniki."

"Ki kira shi ki ce kin fasa."